Na Bi Waya Neman Yaya Isa

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta samari ba. Wannan ya ce in ba shi labarin iyaka, wancan ya ce wai da gaske ne na hau turken lantarki har na hango Makka. Ban hau ba. Wanda ya hau ɗin ma Maradi ya ce ya hango. Tunda kowa ya fara gyara mini labarina, gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Ga yadda abin ya faro. Rabi, matar yayana Isa, ta haihu wata Alhamis cikin hutun bazara na lakol, wato makaranta. Mace aka samu, 'yar fari. Da yake mahaifiyar Rabi ta rasu bara, ba ta tafi gida haihuwa ba, nan gidanmu na Gazawa ta zauna. Yaya Isa kuwa ba ya gari, yana cikin masu aikin sabon layin lantarki.

Duk ɗan Gazawa ya san dalilin wannan aiki. Tsohuwar wayar da ke kawo mana wuta daga Najeriya, ina jin ta yi wasan ƙasa da Babana. Lokacin da aka ja ta firji nawa ne a garin? Yanzu kowace unguwa da mai ƙanƙara, da mai walda, da injin niƙa, kowane ɗaki da fanka, kowane aljihu da salular da ke jin yunwa. Da zafi ya shigo sai wutar ta riƙa zuwa kamar ba ta so: ƙwan lantarki ya yi ja, fanka ta juya sau biyu ta tsaya ta huta. Shi ne aka ce za a kafa manyan turaku na ƙarfe, a ja waya mai kauri. Yaya Isa yana cikin masu hawa sama su ɗaure ƙarafan.

Salularsa kuwa tun kwanakin baya ta suɓuce daga aljihunsa yana can saman turke. Direban da ya kawo mana labarin ya ce abin da aka tsinta a ƙasa ba ya bukatar gyara, addu'a yake bukata. Baba ya kira lambar da Yaya ya taɓa aron salula ya kira mu da ita, sai mai ita ya ce shi ya bar aikin, yanzu tumatir yake sayarwa.

Baba ya yanke magana a tsakar gida, da ƙarfi yadda ɗakin mai jego zai ji. "Uban 'ya shi ke da suna. In ya zo, ko ya aiko, to. In bai aiko ba, sunan tsohuwa na nan."

Tsohuwa ita ce mahaifiyar Baba, Zuwaira, Allah ya jiƙanta. Kowace mace ta fari a zuri'armu sunanta ake sa mata. Zuwairorin gidanmu sun isa su buɗe ajinsu a lakol, har da mai share allo.

Ranar Lahadi Rabi ta aika aka kira ni. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Matarmu, sannu da ƙoƙari. Yarinyar nan da ni take kama, Allah ya taimake ta."

Da can da ta jefo mini takalmi. Ran nan ba ta ko yi murmushi ba.

"Laminu, kana hutu ko?"

"Ina hutu."

"Ka je ka nemo mini yayanka. Ya yi mini alkawari ranar da aka kai Innata, ya ce in mace ce sunanta za a sa. Ni ba ni da bakin da zan faɗa wa Baba wannan. In Alhamis ta yi babu saƙonsa, shi ke nan."

Na je na ce wa Baba zan kai wa Yaya albishir. Ban ce komai a kan suna ba. Ya ba ni kuɗin mota, amma bai mayar mini da salulata ba, wadda ya ƙwace tun ranar da ya ga sakamakon jarrabawata. Sai tambayar ina zan same shi. Baba da Kawu da maƙwabcinmu mai injin niƙa duk bakinsu ya zo ɗaya: ka je babbar tashar wuta ta bayan gari, ka ga inda sabuwar waya ta nufa, ka bi ta. Inda ta ƙare, nan masu aiki suke. Ko ni na ga hankali a maganar. Ina rubuta wannan ne don a san ba ni kaɗai na yi wautar ba, da dattawa muka yi ta.

Litinin da safe na tsaya bayan tashar wuta. Sabuwar waya tana ƙyalli, ta miƙe kudu, wajen Gangara. Na tare ɗan kabu-kabu na ce waya za mu bi. Ya ce shi hanya yake bi, in waya ta ga dama ta biyo mu. Mun tafi, ni kaina a sama ina gadin waya, shi kansa a ƙasa yana gadin rairayi. Sau biyu muka kwanta da babur ɗin, a na biyun ma sai da muka gaisa da wani jaki ido da ido.

Daga Gangara na samu amalanke mai komawa wani ƙauye na bakin iyaka. Mai amalanken, Malam Ɗanjuma, ɗan kasuwa ne mai sayen wake. Kakansa daga ƙasar Katsina ya zo, rabin danginsa suna wancan gefe. Na tambaye shi ko sun ji daɗin sabon layi. Ya nuna sama da bulalarsa.

"Ka ga ta tsaya ta gaishe mu? Ta kanmu take wucewa. Gonata ta ba ta wurin tsayawa, ni kuma da tocila nake shiga ɗaki."

Ya ce wata tsohuwa a ƙauyensu ta tambayi masu aikin ko za a iya huda wayar kaɗan, ta ɗiga musu. Sun ce mata wannan wutar ta fi ƙarfin ƙauye, sai an kai ta birni an rage mata zafi kafin a dawo da ita. Tsohuwar ta ce to Allah ya sa ta gane hanyar dawowa.

A shingen iyaka wani jandarma ya tsayar da ni. Ya dubi katin lakol ɗina, ya dube ni, ya ce ina za ni.

"Waya nake bi, ranka ya daɗe."

"Ita ba ta bukatar takarda. Kai kana bukata."

Na faɗa masa labarin haihuwa. Ya ce Allah ya raya, sannan ya nuna mini wata rumfa a gindin turke na ƙarshe, inda aka tara manyan kwarkwarayen katako da aka warware waya daga jikinsu. Babu ma'aikaci ko ɗaya, sai mai gadi yana sassaƙa ƙotar fartanya.

Na gaishe shi, na ce ina masu aiki.

"Wane aiki? Nan an gama tun kafin azumi."

"To ai waya na biyo."

Ya ajiye wuƙarsa ya dube ni kamar yana tausayin iyayena. "Yaro, waya ita ce ƙarshen aiki. Masu haƙa su ke fara zuwa su zuba kankare. Sai masu hawa su kafa turke. Sai can daga baya masu jan waya su zo. Yayanka me yake yi?"

"Hawa."

"To duk inda ka ga waya, ya daɗe da barin wurin. Ka nemi inda babu ita. Sun yi yamma, wajen Agye."

Rana ta riga ta yi sanyi, babu abin hawa mai komawa. Malam Ɗanjuma ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawa da yawa. Na ci har na manta da baƙin cikina na ɗan lokaci.

Da safe ɗansa ya ce mu je karin kumallo Najeriya. Na zaci wasa yake. Ashe ta bayan wata gona ake bi, ka tsallake kunya guda, ka bar ƙasarku. Babu abin da ya canza, kajin ma irin namu ne. Amma shayinsu ba irin namu ba ne. Mu muna dafa shi a 'yar buta, mu sha a ɗan kofi kamar magani, muna jira na biyu da na uku. Su kofi ne wanda yaro zai iya wanka a ciki, an cika shi da madara, mai shayin yana ɗaga hannu sama yana zubowa kamar yana auna tsawon turke. Burodinsu kuma laushi gare shi, in ka gaji da ci sai ka yi matashi da sauran. Da na ce ina lakol, mai shayin ya ce, "Ku ba ɗan Faransa wuri ya zauna." Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su ma ƙauyen nasu ba wuta. Janareta ke kuka bayan shagon caji, ga waya tana wucewa ta kansu za ta kai mana.

Komawa dole ta Gazawa zan bi. Wannan shi ne wuri mafi hatsari a duk tafiyar. In Baba ya gan ni, ko ɗaya daga cikinku, labarin zai riga ni tsufa. Na sauka kafin tasha, na zagaya ta bayan kasuwar dabbobi, na shiga bas mai zuwa Agye na zauna can baya. Da muka zo wucewa ta gaban fadarmu na sunkuya na sa kaina tsakanin buhun albasa da wani rago. Ragon ya riƙe mini amana. Ku da kuke zaune ran nan kuna gardamar ƙwallo, na gan ku.

Daga fitarmu gari na fara ganin turakun da mai gadi ya faɗa, tsaye cikin gonaki sun buɗe hannuwa, babu waya ko zare. Zuciyata ta yi sanyi. Amma da muka isa Agye, shantiyen da aka nuna mini, wato filin da ma'aikata ke sauka da kayansu, babu kowa sai tarin tsakuwa da alamar murhu.

Wata mai sayar da shinkafa da wake a bakin hanya ta ga ina zagaye kamar ɗan akuyar da ya ɓace. Sunanta Inna Hassi. Ta ce ita ta ciyar da su duk zamansu a nan. Na ce ko ta san Isa na Gazawa.

"Isa? Ɗana, su ba sa kiran juna da sunan yanka. Yaya yake cin abinci?"

Ban taɓa jin an nemi mutum ta wannan hanya ba. Na yi tunani. "Ba ya cin albasa. Tsince ta yake yi ya tara a gefen kwano."

"Ba-Albasa kake nufi, dogon nan mai shiru. Allah sarki. Wa ya rasu?"

"Ba rasuwa ba ce, haihuwa ce."

Ta zuba mini shinkafa ba tare da ta tambayi ko ina so ba. Ta ce masu hawa ba bi da bi suke tafiya ba. In an zuba kankare sai ya yi makonni yana bushewa kafin a ɗora masa ƙarfe, to na tsakanin Agye da Cadawa bai ƙosa ba, shi ya sa aka tsallake da su can wajen Sae Sabuwa, inda aka riga aka zuba tun tuni. Ta ce motar yashi tana zuwa can kowace safiya, direban yana cin bashinta, ba zai ƙi ɗaukata ba.

Na kwana a rumfarta, kan bencin da masu cin abinci ke zama. Ladan kwana shi ne wanke tukwane. Tukunyar shinkafarta sai da na shiga ciki har kugu. Ƙulin da na yi guzuri da shi kuwa akuyar maƙwabta ta same shi kafin ni, ta haɗa da ledar.

Laraba ta waye, gobe suna. Na hau motar yashi, na zauna a saman yashin, har muka kai Sae Sabuwa ina tofar da shi. A can ma an kafa turakun an wuce. Na tsaya a gindin na ƙarshe, a gabansa sai ramuka da ƙafafun ƙarfe huɗu-huɗu sun leƙo daga ƙasa. Na tuna Rabi zaune a ɗaki tana jin ana daka hatsin suna.

Wani Bafulatani mai kiwo ya zo wucewa da shanunsa. Na tambaye shi. Ya ce shekaranjiya ya baro wajen Tibiri, ya ga wani ƙarfe da safe yana daidai tsawon raƙumi, da yamma ya fi gawo. Ya ce shanunsa ba su yarda da abin da ke girma haka ba ruwa ba, shi ma bai yarda ba. Ya ba ni nono a ƙwarya, ya nuna mini hanya da sandarsa.

Da kuɗin da ya rage na ɗauki kabu-kabu. A wani ƙauye kusa da Tibiri muka tsaya tambaya wajen wani dattijo mai zanen Gobirawa har kunne. Na yi sallama, na ce, "Baba, don Allah ina masu kafa turke?"

"Zamna."

"Sauri nake yi, Baba."

"Awo. Zamna dai."

A Gazawa ma muna gaisuwa, amma tamu tana da ƙarshe. Ya tambayi gida, da gajiya, da zafi, da mutanen Gazawa, da ko an yi ruwa bara, da ko hatsin ya kai mu. Ya aika aka damo fura. Ya ce a garinsu ba a nuna wa baƙo hanya da busasshen maƙogwaro, don kada ya je ya ce Gobirawa sun kore shi. Sai da ya ga gindin ƙwaryar sannan ya ce, "To, mi kaka nema?" Na sake faɗa. Ya juya ya nuna bayan gidansa da leɓe. Ga turken nan, rabinsa a tsaye, mutane maƙale a jikinsa. Da na ɗaga kai tun farko da na gan shi.

Ban taɓa ganin yadda ake kafa shi ba sai ran nan. Ashe ba ɗungurungum ake kawo shi ba. Ƙarafa ne zube a ƙasa, kowanne da lambarsa. Wani yana kiran lamba, wasu su ɗaura wa ƙarfen igiya, a ja shi sama ta kan ƙugiya mai juyawa, na sama su tarbe shi su ɗaure da noti. Kowane na sama yana da hular kwano da ɗamarar da ya maƙala a jikin ƙarfe. Shef ɗinsu, wato shugaban aikin, wani gajere ne mai usur a baki, in ya busa kowa ya tsaya cak.

Na gane Yaya Isa tun daga ƙasa, don ba wanda ya kai shi tsawon ƙafa. Yana can sama inda turken ya fara tsukewa. Kwana uku ina ɗauke da maganar nan, ta yi mini nauyi. Na haɗa hannuwa a baki na kwarara murya.

"Yaya Isa! Rabi ta haihu! Mace!"

Shantiye gaba ɗaya ya tsaya. Sai aka ɗauka, daga ƙasa har sama: "Ba-Albasa ya zama baba." Wani ya riƙa buga sufana a jikin ƙarfe kamar kalangu. Shef ya busa usur, shi ma yana dariya. Mutum ɗaya ne bai ji ba, shi ne Yaya Isa. Ya juya mana baya ya ci gaba da ɗaure notinsa, kamar matar wani ce ta haihu a wata ƙasa. A lokacin na tuna 'yar fari ce, kuma na yi masa shelarta a gaban mutane sama da waɗanda ke zuwa sallar Juma'a a wasu ƙauyuka.

Sai da aka tashi ya sauko. Ya cire safar hannu, ya kama kunnena ya murɗa kamar noti, sannan ya ce, "Kowa lafiya?"

"Kowa lafiya."

"Kowa da kowa?"

"Har da su."

Ya saki kunnen.

Shef ya ce zuwan Yaya gida gobe ba zai yiwu ba. Ba a barin turke ba kai a irin wannan lokaci da iskar bazara ke tasowa ba sallama, kuma masu hawan nasa ba su da yawa. Ya ce in an rufe kan gobe, Juma'a ya tafi. Ya ba ni salularsa in kira gida. Lambar Baba kaɗai na haddace, ita kuma a kashe. Daga baya na ji an ɗauke wutar Gazawa tun Talata saboda aikin nan nasu, salular Baba ta mutu, shi kuma ba ya kai ta shagon caji don ya ce yara suna karanta masa saƙonni.

Na ja Yaya gefe, gindin turken. Na ce masa Baba ya ce in bai aiko da suna ba, sunan tsohuwa za a sa.

Ya daɗe yana goge sufana da gefen rigarsa. Sannan ya ce, "Duk abin da Baba ya ce."

Na ce, "Yaya, har Najeriya na je nemanka."

"Me ya kai ka Najeriya?"

"Wannan wata magana ce. Ba Baba ya aiko ni ba, ita ta aiko ni. Ta ce ka yi mata alkawari ranar da aka kai Innarta."

"Laminu, ni zan aika wa Baba in ce a ajiye sunan uwarsa? A kan 'yar fari?"

"Ita ba ta da baki, kai ba ka da baki. To ni ina da shi, har ya yi mini yawa. Ka faɗa mini kawai, ni zan ɗauka."

Aka kira magariba ya tafi alwala. A wajen cin abinci ya tura mini naman da ke cikin kwanonsa.

Motar da ke ɗauko musu ƙarfe daga Gazawa tana tashi bayan sallar asuba. Shef ya ce direban ya tafi da ni. Na sa ƙafa zan hau, ba ni da abin da zan kai wa Rabi sai gaisuwa, sai ga Yaya ya zo da hular kwanonsa a hannu. Ya tsaya gefen motar ya yi maganarsa a hankali, har sai da na sunkuyo kafin na ji. Sannan ya sa hularsa ya tafi.

Direban nan ba ya sauri. Ya tsaya shan shayi a Maradi, ya tsaya gaida wani a Cadawa. Na ce masa in muka makara za a sa wa jaririya sunan da ba nata ba. Ya ce shi ma sunan da aka sa masa ba ya so, ga shi yana raye. Amma daga Agye ya taka motar, har ƙofarta ta gefena ta riƙa buɗewa da kanta ina riƙe da ita.

Hantsi ya fara ɗagawa muka shiga Gazawa. Ƙofar gidanmu cike da mutane a kan tabarmi, ana raba goro da dabino, rago ɗaure a gindin bedi, wato dogon yaro, mahauci yana wasa wuƙa. Liman ya riga ya karkata wajen Baba. Na tsallake takalman mutane, da yashin Sae Sabuwa a kaina, na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, Yaya ya aiko."

Ya ɗaga wa Liman hannu. Ya dube ni sama da ƙasa. "Shi ya faɗa, ko kai ka haɗa a hanya? Na san ka."

Duk hanya ina shirya yadda zan ƙawata maganar, in ce Yaya ya yi kuka, ya rantse. Da na ga idon Baba sai duk ta zube.

"Da farko ya ce duk abin da ka ce. Ya kwana bai ƙara komai ba. Da asuba ya zo ya ce, in ka yarda, a sa mata sunan surukarsa mai rasuwa. Ya ce in ba ka yarda ba, shi ba shi da magana."

"Da ya faɗa, ya kalle ka?"

"A'a. Tayar mota ya kalla."

Baba ya juya goron da ke hannunsa. Kawu ya matso zai yi magana, Baba ya girgiza masa kai.

"Isa ne," ya ce. Ya karkata ya raɗa wa Liman.

Aka yi fatiha, Liman ya faɗi suna, maroƙi ya ɗauka ya kai shi cikin gida, guɗa ta tashi. Na ga babbar Zuwairarmu ta leƙo ta zaure tana tambaya ko kunnenta ne.

Sai bayan azahar, da mata suka ragu, Rabi ta aika aka kira ni. Na tsaya bakin ƙofa. Jaririyar tana kwance a gefenta, ita kuma ta kau da kai kamar ba ta san da ita ba, yadda masu 'yar fari ke yi. Na jira godiya, har na shirya abin da zan ce in ta fara.

"Ka yi baƙi," ta ce.

"Ƙasashe biyu na taka saboda ke."

"Da guɗar nan ban ji da kyau ba. Me Liman ya ce?"

Na san ta ji. Amma sunan uwarta ne, yanzu kuma ya zama na 'yarta ta fari. Bakinta ba zai taɓa kiran sa ba har ta mutu.

Na ce, "Hadiza."

Ta gyara wa yarinyar zane, ba ta dube ni ba.

"Sake faɗa."